Zoben Da Ya Saɓa Wa Zare

Hajiya Balaraba ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta zazzage mundaye huɗu a kan buzun da ke gaban Al'amin maƙerin fari. Tsofaffin mundaye ne na azurfa, irin masu kaurin nan na matan da, duk sun dushe don daɗewa a adaka.

"Na uwata ne," in ji ta. "Ka narke su ka fitar mini da awarwaro shida, da sarƙa, da 'yan kunne, da zobe ɗaya. Lefen ɗan wana ne, Sama'ila mai canji a Ɗan Issa. Kwana goma na ba ka."

Al'amin ya goga ɗaya a dutsen gwaji, ya karkata dutsen wajen haske. Azurfa ce tsantsa, irin wadda yanzu ko a Maraɗi sai an tona.

"Kwana goma ya yi kaɗan, Hajiya. Sarƙa kaɗai sai ta ci huɗu."

"Ladan aiki abin da ka yanka shi ne, ba ni tayawa. Sharaɗina ɗaya. Ranar kai lefe kai za ka kawo kayan gidan amarya da hannunka, a auna su gaban mutane. Ba ni son a ce azurfar uwata ta rame a hanya."

Wanda ya daɗe a kasuwa ya sani, in mai saye ya ƙi tayawa, to abin da ya zo nema ba shi ne a kan faifai ba. Amma Al'amin hannunsa ya girmi kansa. Idonsa na kan azurfar, har ya fara ganin zanen da zai yi mata.

"Na karɓa," ya ce.

"Da baki? Ai na san al'adar gidanku, ɗana. Ɗora ka buga in gani."

Gidan su Al'amin suna da ka'ida tun kakanni. Ƙarfen da aka ɗora kan uwar maƙera aka buga masa masaba sau ɗaya, ba ya komawa hannun mai shi ɗanye. Ko mutuwa aka yi sai an gama aikin. Saboda wannan ne mata ke barin zinariyarsu a rumfarsa ba takarda ba shaida.

Ya ɗora munduwa, ya yi bisimilla, ya buga.

Sai a sannan Hajiya ta zaro wani farin zare mai ƙulli biyu ta miƙa masa. "Ga awon wuyan hannu, ga na yatsa. Ni da kaina na auno."

"Allah ya sa alheri. Wace ce amaryar?"

"Au, ban faɗa maka ba?" Ta gyara mayafi tana miƙewa. "Ruƙayya ce, ɗiyar Malam Mahaman mai garka."

Masabar ta suɓuce ta faɗa cikin toka.

Duk Madarumfa ba wanda bai san maganar Al'amin da Ruƙayya ba. Shekara biyu ke nan. Sau biyu yana tura manya, sau biyu Malam Mahaman yana sallamar su da ruwan sanyi da kyakkyawar magana. Laifin ɗaya ne. Kakan Al'amin, Dogo maƙeri na wani ƙauye bayan garin Sarkin Yamma, cikin Anna, wato maguzawa, ya rayu, a kan addinin kakanninsa ya mutu. Shi Al'amin sahun gaba yake tsayawa da asuba, amma Malam ya ce, "Ban ce yaron ba ya salla ba. Jini nake dubawa."

Ruƙayya kuwa ba yarinya ba ce da za a ɗauka a kai. Shekararta ashirin da biyar, tana koyarwa a lakkwal, makarantar boko. Ubanta ya rantse ba zai aurar da ita ba da yardarta ba, bai kuma karya ba. Sai dai ranar da ta buɗe baki ta ce ba ta son Sama'ila, uwarta mai hawan jini ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, sai da ta kwana uku a gadon likita. Tun daga ranar bakin Ruƙayya ya mutu. Malam ya ce mata, "In aka karɓi lefe ba ki ce komai ba, shirunki shi ne amsarki."

Ka ga inda Hajiya ta ɗana tarkonta. In Al'amin ya ƙera kayan ya kai da hannunsa, gari ya shaida ya sallama. In ya mayar da azurfar, ya karya ka'idar gidansu, Malam ya ce, kun ga abin da nake faɗa.

Washegari da aka tashi lakkwal, Ruƙayya ta tsaya bakin rumfar, hannunta duk farin alli. Ƙawarta Safiya ta ja gefe tana yi kamar mai duba 'yan kunnen da ke rataye.

"Gaskiya ne abin da na ji?"

Al'amin bai ɗago ba. "Gaskiya ne."

"Kai za ka ƙera mini kayan auren wani?"

"Na buga kafin in san ke ce."

"To mayar mata! Jefa mata kayanta a ƙofar gida!"

"In mayar, Ruƙayya? Abin da kakana bai yi ba, shi da ake zagi na da shi? Ranar da na yi haka na ba Malam hujjar da ya shekara biyu yana nema."

Hawaye suka zubo mata. Ta sa bakin mayafi ta share, wasu suka biyo.

"Kowa da abin da yake tsarewa. Baba yana tsare sunansa, kai kana tsare masabarka, Inna tana riƙe ni da ciwonta. Ni wa ke tsare ni? Kullum in na shiga aji yara na karatu, ni kwanaki nake ƙirgawa. Saura tara. Ka san yadda tara take a bakin wanda za a yanka?"

"Wallahi da za a narke ni a madadin azurfar nan, da na fi so."

"Ban zo jin wannan ba." Ta waiga, ta rage murya. "Ina zaren da ta ba ka?"

Ya ɗauko shi. Ta nuna ƙulli na biyu.

"Duba da kyau. A gindin yatsa ta auna, ni kuma na yi shiru."

Al'amin ya dubi hannunta na hagu. Yatsan zoben ya taɓa karyewa tun tana ƙarama, gaɓar tsakiya ta warke da kauri, ta ɗan karkace. Shi ya fi kowa sanin wannan gaɓa, don ita ta haɗa su. Wata rana ce ta gwada zobe a rumfarsa ya maƙale, sai da ya zauna da magagari ya yanke shi a hankali, tana cizon leɓe tana dariya.

"Zoben da aka yi da awon nan ba zai wuce gaɓar ba," ya ce.

"Shi nake so. Dangin Inna ba su karɓar lefen da zobensa ya ƙi hannun amarya. Sun ce alama ce. Za su mayar da akwatunan, a sake sa rana, a yi ta tambaye-tambaye. Ko wata biyu na samu, Inna ta ƙara ƙarfi, sai in yi magana. Ba ƙarya za ka yi ba, ba alkawari za ka karya ba. Abin da aka ba ka kawai za ka bi. Ka bi zaren, Al'amin."

"Zan bi."

"Ka rantse."

"Na ce zan bi."

Safiya ta ja hannunta suka tafi.

Aiki ya kankama. Ya sare mundayen gunduwa-gunduwa, ya zuba a kaskon narki, ya rufe da gawayin ƙirya, ya kama zuga-zugi. Azurfa in ta kusa narkewa sai ta yi ja, ta yi kamar za ta ƙi, sannan ta zube lokaci ɗaya ta zama ruwa mai juyawa kamar idon kifi. Ya tsiyaye ta a magudana, ta fito sanduna.

Daga sanda ake jan waya. A sa ta a ramin ƙarfe a ja da awartaki, a mayar wuta ta yi laushi, a sa a ramin da ya fi ƙanƙanta a sake ja. Rami goma sha huɗu kafin ta kai sirantar da yake so. Ya naɗe ta a tsinke, ya yanka ƙananan idanu, ya dinga haɗa su ɗaya cikin ɗaya yana liƙewa da sinadari. Tun hantsi yake duƙawa, ba ya ɗagowa sai kiran salla.

A jikin awarwaro ya zana igiyar ruwa, irin wadda iska ke yi a kan tabki da safe in masunta sun tura jirage. Bai yi niyyar ya kyautata su haka ba. Hannun ne ba ya jin magana.

Rana ta shida uwarsa Marka ta kawo masa fura, ta tarar da ta jiya ko buɗewa bai yi ba.

"Kai dai ubanka ne sak," ta ce. "Ana yanka shi yana wasa wa mahauci wuƙa."

"Inna, aiki ne."

"Aiki ne ya zurma maka ido haka? In ba ka iya mayarwa, to yi shi dai yadda ya samu. Wa ya ce sai ka zuba ranka ciki?"

"Ita za ta sa su, Inna."

 Marka ta ajiye ƙwaryar ta fita tana share ido.

Zoben ya bari ƙarshe. Rana ta tara da yamma ya murɗa waya uku wuri guda kamar kitso, ya ɗauko sandar awon zobe ya naɗa, ya yanke, ya liƙe. Ya tafasa kayan duka a ruwan tsamiya suka yi fari fat, ya goge da toka mai laushi.

Da safen rana ta goma, yana jera su a kan farin ƙyalle, ya ɗauko zaren don ya naɗe shi tare da kayan. Ya zagaya shi cikin zoben.



Zoben ya fi zaren faɗi. A jikin sandar awonsa akwai wani ɗan tsagi da ya yi da wuƙa shekara biyu da suka wuce, daidai kaurin gaɓar Ruƙayya, don zoben da yake burin yi mata ranar aurensu. Hannunsa can ya tafi da kansa. Ko duban zaren bai yi ba.

Akwai sauran lokaci. Sa'a ɗaya ta isa ya yanke, ya rage, ya sake liƙewa. Ya ɗaure zoben a awartaki, ya ɗora magagari.

Sai ya tuna matan lefe. Ya san su. Ba za su ga zobe ya ƙi shiga su haƙura nan take ba. Hajiya za ta ce a kawo sabulu, a kawo man gyaɗa. Mutum biyu su riƙe hannun, ɗaya ta murɗa, a kan ƙashin da ya taɓa karyewa. In ya shige da ƙarfi ya zauna a siririn gindin nan, yatsan ya kumbura, ba mai fitar da shi sai an yanka.

Ya daɗe da magagarin a hannu. Ya ce zai bi zare. Ya san abin da wata biyun nan suke a wurinta.

Ya ajiye magagarin, ya naɗe zoben yadda yake.

Zauren Malam Mahaman ya cika bayan azahar. Malam na kan buzu da tasbaha, ƙannensa biyu a gefe. An wuce da akwatuna cikin gida, ana jin guɗar mata. Sama'ila, wanda ya tuƙo masu kawo lefen, ya kasa zaman mota, ya zo ya tsaya bakin ƙofa cikin shadda mai maiƙo, makulli na yawo a yatsansa.

Al'amin ya durƙusa ya gaishe da Malam, ya buɗe ƙyallen.  Wani ƙanen Malam ya ce "Tabarakalla" bai san ya faɗa ba.

Aka ɗora a ma'auni. Nauyi ya cika, ba abin da ya ragu sai ɗan abin da wuta ke ci.

Hajiya Balaraba ba ta so haka ba. Ta so ya kawo kayan kansa a sunkuye, ga shi ana yaba shi. Ta ɗauki zarenta ta gwada awarwaro, daidai. Ta gwada zoben. Sai ta ɗaga shi sama.

"Jama'a ku gani! Wannan na yatsa ne ko na ƙafar raƙumi? Ga awon da na ba shi, ga abin da ya ƙero!"

Sama'ila ya yi dariya. "Gwaggo, ai na faɗa miki mu saya a Katsina. Mai baƙin ciki ba ya aikin kirki."

Malam ya dubi Al'amin. "Maƙeri, mi ya faru?"

In ya faɗi dalili, ya tona cewa ya san hannun ɗiyar mutane fiye da mai neman aurenta, a gaban ubanta. Ya sunkuyar da kai.

"Kuskurena ne, Malam."

"Kun ji!" in ji Hajiya. "To a karɓi sauran, wannan ya koma ya rage shi. Daga yau kuma duk matar da ta tambaye ni, zan faɗa mata irin aikinsa."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Ruƙayya ce, ba takalmi, idanunta jawur. Duk abin da aka faɗa a kunnenta. Dabararta ta rushe, lefe zai karɓu, shi kuma sunansa zai mutu a kasuwa.

"Koma ciki," in ji Malam.

"Baba, ka gafarce ni. Hajiya, ba ni zoben."

Ba ta jira ba, ta karɓe shi daga hannun matar. Ta dubi Al'amin, kallon da shi kaɗai ya san fassararsa. Ta ɗaga hannun hagu gaban kowa ta zura. Zoben ya hau gaɓar nan mai kauri, ya ɗan tsaya kamar mai sallama, ya wuce ya zauna.



"Ba kuskure ya yi ba," ta ce. "Zaren ne ƙarya, ni kuma na sani na yi shiru. Ni na roƙe shi ya bi zaren don zoben ya ƙi shiga a mayar da lefen. Ya ƙi. Baba, shekara guda Sama'ila na zuwa zance gidan nan. Tambaye shi wane yatsana ne karyayye."

Makullin ya daina yawo. Sama'ila ya dubi hannunta na dama, ya dubi na hagu.

"Wannan ai ba magana ba ce," ya ce. "Tambayar ita ce, shi yaya aka yi ya sani? Riƙe hannunta yake yi ke nan?"

"Amsa masa," in ji Malam, bai ɗaga murya ba.

"Sau ɗaya, Malam. Zobe ya maƙale mata a rumfata da rana tsaka, gaban mutane, na yanke shi. Ban sake ba."

"Ta roƙe ka ka bi zaren. Da ka bi, da yau ka ci riba. Don mi ka ƙi?"

Al'amin ya ce, "Da sun tura shi da ƙarfi. Ƙashin ya taɓa karyewa."

Tasbahar Malam ta tsaya. 'Yan zauren ba su san abin da ya taɓa shi ba, sai ƙannensa. Shi ya karya yatsan nan. Tana shekara shida ta bi shi garka, wato lambunsa, ya tada injin ban-ruwa bai duba ba, hannunta na kan bel ɗin injin. Shi ya saɓa ta a kafaɗa da gudu har gidan mai ɗori, tana kiran sunansa. Shekara goma sha tara bai yarda an yi zancen a gabansa ba.

Daga cikin gida aka ji salati, wata na cewa a kawo ruwa, uwar Ruƙayya ta faɗi. Ruƙayya ta juya za ta ruga, ta tsaya, ta durƙusa gaban ubanta hawaye na zuba.

"Ka ce shiruna shi ne amsata. To ban yi shiru ba, Baba. Ba ni so."

Malam ya dubi Hajiya Balaraba.

"Hajiya," ya ce, "a fito muku da akwatunanku."

"Malam! Mu za a wulaƙanta saboda jikan..."

"Na rantse ba ni aurar da ita sai da yardarta, kin kuwa ji da kunnenki. Ke, cire zoben mutane ki ba su." Ya juya ga Al'amin. "Kai kuma tashi. Kada in ga ƙafarka a ƙofar nan, kada in ji an gan ka a hanyar lakkwal."

Ruƙayya ta murza zoben ya fito, ta ajiye a kan ƙyallen, ta shige wurin uwarta ba ta waiwaya ba.

To, in ana rabon riba da asara, ga yadda ta kaya. Hajiya Balaraba ta narke mundayen uwarta don ta sayi sallamawar maƙeri, ta koma Ɗan Issa da zoben da ba ya zama a yatsan kowa a gidansu. Sama'ila ya rasa mata, ya kuma sami suna, don har yau in ya zauna bakin teburin canji abokansa na ɗaga masa hannu su ce, wanne ne karyayye? Al'amin sunansa ya tsira, aiki har ya fi ƙarfinsa, amma hanyar da yake ganin Ruƙayya ta toshe, har ita kanta Safiya an hana ta tsayawa rumfarsa. Uwar Ruƙayya ta tashi bayan kwana biyu. Wadda ta biya mafi tsada ita ce Ruƙayya: ta kuɓuta daga auren da ba ta so, amma yau sati uku ke nan tana gaishe da ubanta da safe yana amsawa da kai kawai.

Shi Malam Mahaman ba a san layin da za a sa shi ba. Abin da dai aka gani, ranar kasuwar da ta wuce ƙanensa ya hau babur ya nufi Sarkin Yamma, ya yini yana bin tsofaffi yana tambayar wane irin mutum ne Dogo maƙeri, ko ya taɓa cin amanar wani. A ƙasar nan kuwa, ba a tura ɗan'uwa binciken kakan mutumin da aka gama da shi.